A Daina Gaggawar Goge Faifai Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Sauya Madabod

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da na ga yana cinye kuɗin mutane da takardunsu a nan Jos, musamman tun daga ƙarshen shekarar 2025, wato matsalar kwamfutar tebur da take ƙin tashi bayan an sauya mata madabod, babban allon nan da duk sauran kayan cikinta suke hawa kansa. Ni ba injiniya ba ne. Ina da ƙaramin shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a kan Titin Bauchi, kusa da jami'a, kuma abin da zan faɗa na koye shi ne a cikin kwana tara da babbar kwamfutar shagona ta yi a kwance, da kuma zaman da na riƙa yi a gefen teburin masu gyara bayan ta warke.

Dalilin da ya sa matsalar ta yawaita ba ɓoyayye ba ne. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10, ita kuwa Windows 11, wadda ta fito tun Oktoban 2021, tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Tana son abin tsaron da ake kira TPM 2.0, tana son kwamfuta mai tashi ta sabon tsarin UEFI, kuma a ɓangaren kamfanin Intel ba ta amince da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba sai daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Yawancinmu kuwa da kayan tokumbo muke aiki, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora. Sayen sabuwar kwamfuta sukutum ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin shago, don haka sai a ce a sauya allo kawai, a bar faifai, wato ma'ajiyar fayiloli, da gidan ƙarfen da sauran tarkace. Shawarar ba ta da laifi, ni ma ita na bi. Laifin yana cikin abin da ke biyo baya idan an danna maɓalli aka ga sikirin ya tsaya baƙi ƙirin.

Akwai jimloli biyu da mai kwamfuta zai ji a irin wannan hali, kuma dukkansu suna fitowa da sauri fiye da yadda ya kamata. Ta farko ita ce “bod ɗin ya ƙone”, ta biyu kuma “sai an yi fomat”. Ta farko tana sa mutum ya sake sayen abin da bai lalace ba, ta biyu kuwa tana sa shi ya goge aikin shekaru da hannunsa. Ni duka biyun an gaya mini a cikin mako guda, kuma babu wadda ta zama gaskiya. Abin da na fahimta shi ne kalmar “ta ƙi tashi” tana rufe cututtuka daban-daban, domin kwamfutar da ko fankarta ba ta motsa ba daban take da wadda fankarta ke juyawa amma hoto bai fito ba, wannan kuma daban take da wadda ta nuna tambarin kamfani sannan ta kasa shiga Windows. Wanda bai tsaya ya tantance wacce ce a gabansa ba, lalube kawai yake yi a cikin duhu, kuma da kuɗin wani.

Tawa kwamfutar tana ɗauke da firosesa Core i5-7400, wato zubi na bakwai. Na ɗauka cewa allon ne kaɗai cikas tsakanina da Windows 11, sai na je wani shago a kewayen Terminus na sayi madabod na hannu mai lamba B360. Na duba jikin kwalinsa na ga an rubuta LGA 1151, na duba na tsohon allona na ga LGA 1151, hankalina ya kwanta. Yaron da ke yi mana gyara ya cire firosesa daga tsohon allo ya ɗora a sabon, ya zauna daram kamar don shi aka yi wurin. Aka kunna, fanka ta juya, sikirin bai ce komai ba. Yaron ya ɗan taɓa nan ya taɓa can na minti biyar, sannan ya ce mini, “Baba, wannan bod matacce suka sayar maka.” Na ɗauki allon na koma shagon a fusace, mai shagon kuwa bai yi gardama da ni ba, ya ɗora nasa firosesan a kai ya kunna, nan take hoto ya fito. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana a kasuwa ba.

Ashe soket ɗin LGA 1151, wato mazaunin firosesa mai ɗauke da allurai a kan allo, kashi biyu ne. Firosesan zubi na shida da na bakwai suna aiki ne da alluna na jerin 100 da 200, irin su H110 da B250, yayin da zubi na takwas da na tara, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017, suke buƙatar jerin 300, irin su H310 da B360 da Z370. Yawan alluran iri ɗaya ne, siffar iri ɗaya ce, amma an sauya aikin wasu daga cikin alluran domin kai ƙarin wuta ga sababbin firosesa, saboda haka tsohon yana shiga amma ba ya aiki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma laifin nawa ne da ban tambaya ba. Kowane kamfanin da ke ƙera madabod yana ajiye jerin firosesan da allon yake karɓa a shafinsa na intanet, tare da lambar BIOS ɗin da kowanne yake buƙata, wato 'yar manhajar cikin allo da ke fara tayar da kwamfuta, kuma duba wannan jeri a wayar hannu bai kai minti uku ba.

Masu amfani da firosesan kamfanin AMD suna da tasu irin wannan tangarɗa. Soket ɗin AM4 ya daɗe ana amfani da shi, daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000 da suka fito a ƙarshen 2020, amma allon B450 da aka ƙera kafin fitowar jerin 5000 ba zai gane sabon firosesan ba sai an sabunta masa BIOS. Allon lafiya lau, firosesa lafiya lau, amma sikirin baƙi. Haka nan duk firosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F, kamar i5-9400F, ba shi da sashen fitar da hoto a cikinsa, kuma yawancin Ryzen na AM4 da lambarsu ba ta ƙare da G ba haka suke, don haka ko an jona wayar sikirin a bayan madabod sau ɗari babu hoton da zai fito sai an sa katin hoto daban. Shi RAM, sandunan nan da ke riƙe bayanai yayin da kwamfuta ke aiki, ya fi sauran adalci, domin tsagar da ke ƙasan sandar DDR3 da ta DDR4 da ta DDR5 ba a wuri ɗaya suke ba, kuma ramin ba zai karɓi wanda ba nasa ba sai dai mutum ya yi ƙarfi ya karya.

Na aika Abuja aka sayo mini i5-8400, ya iso bayan kwana huɗu. Aka ɗora, aka kunna, fanka ta juya, sikirin ya sake yin shiru. A nan ne wani maƙwabcina ya kai ni wurin wani dattijon injiniya da ke da ɗan ɗaki a wani lungu daura da Titin Ahmadu Bello, kuma yadda ya yi aikinsa shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bai tambaye ni abin da wasu suka ce ba. Ya zare wayar wuta daga bango, ya danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar ta zube, sannan ya dafa ƙarfen gidan kwamfutar da tafin hannunsa kafin ya taɓa komai. Ya ce mini a lokacin hunturu irin na Jos, da iska ke bushewa har mutum ya ji tsit idan ya taɓa ƙofar mota, wannan ɗan tartsatsin da ke taruwa a jiki ya isa ya illata sandar RAM ba tare da an ga alama ba.

Daga nan ya kwance allon gaba ɗaya daga cikin gidan, ya ɗora shi a kan kwalinsa a bisa tebur. Ya cire faifai, ya cire wayoyin USB na gaba, ya cire duk abin da ba dole ba ne, ya bar firosesa da fankarsa, da fawa fak, wato akwatin da ke rarraba wa kayan wuta, da wayar sikirin. Ya ɗauko wata 'yar lasifika da ba ta fi girman ƙwallon dabino ba, ya jona ta a kan allurai huɗu da ke gefen allon. Sannan ya cire sandunan RAM duka biyun. Da yake babu maɓalli yanzu, sai ya sa bakin sukundireba ya haɗa allurai biyu na kunnawa na daƙiƙa ɗaya. Fanka ta tashi, lasifikar ta fara ƙara a jere. Ya ɗago kai ya ce, “Malam, allon da ya mutu ba ya kuka. Wannan yana neman RAM ne bai samu ba, ke nan shi da firosesan suna da rai.” Ya kashe, ya hure ramin, ya sa sanda ɗaya a rami na biyu daga wajen firosesa, ya danna da manyan yatsunsa biyu har maƙallin ya ce ƙas. Ya sake taɓa alluran, aka ji ƙara guda ɗaya gajera, tambarin kamfani ya bayyana. Duk ciwon na biyu bai wuce sandar RAM da gefe ɗaya bai zauna ba, abin da bai kai kaurin farce ba.

Hikimar wannan hanya ita ce tana rage waɗanda ake zargi. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nemi Windows, tana yin wani ɗan gwajin kanta, inda take duba firosesa, sannan RAM, sannan abin fitar da hoto, sannan ta nemi faifan da za ta tashi daga kansa. Idan ta tsaya a wani mataki tana faɗa, ko dai da ƙarar lasifika, wadda ma'anarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani kuma tana rubuce a littafin allon, ko kuma da 'yan fitilu huɗu da sababbin alluna da yawa suke da su a gefe, masu sunan CPU da DRAM da VGA da BOOT. Fitilar da ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda tafiyar ta cije. Idan allon ya tashi da kayan dole kaɗai, sai a riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa bayan kowanne, har a kai ga wanda ya mayar da shi shiru. A allo mai ramuka huɗu kuwa, yawancin kamfanoni suna cewa a fara da rami na biyu da na huɗu idan an ƙirga daga firosesa, kuma masu sababbin alluna na DDR5 su sani cewa tashin farko yana iya ɗaukar mintoci ana daidaita RAM, don haka kada a kashe da gaggawa.

Na tambayi injiniyan me zai yi da lasifikar ba ta yi kuka ba. Ya ce zai fara duba wayar wutar firosesa, mai ramuka huɗu ko takwas, wadda mazauninta yake can saman allon a kusurwa, domin ita ce aka fi mantawa da ita bayan an jona babbar mai ramuka 24. Bayan haka zai cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci domin saitin BIOS ya koma na asali, tunda allon hannu yana zuwa ne da saitin tsohon mai shi. In duk wannan bai yi ba, sai ya ɗaga firosesa ya haska soket ɗin da fitilar waya daga gefe, domin allura ɗaya da ta tanƙware a cikin 1151 tana ƙyalli daban da 'yan uwanta, kuma ita kaɗai ta isa ta hana allo ganin RAM. Sai bayan ya gwada da wani firosesa da wani RAM da wani fawa fak da ya tabbatar suna aiki ne zai yarda ya ce allo ya mutu.

Game da kwamfutar da ko motsi ba ta yi, ba zan tsawaita ba domin ba ita ta same ni ba, amma na ga an kawo irinta sau biyu ina zaune. Ɗaya wayar maɓallin gaba ce aka jona a alluran da ba nata ba, tunda jerin alluran ya bambanta tsakanin alluna. Ɗayar kuma ɗan ginshiƙin tagulla ne, irin waɗanda ake ɗaure allo a kansu, aka bari a inda sabon allon ba shi da huda, sai ya riƙa taɓa bayansa yana haɗa wuta, shi ya sa allon yake tashi a kan kwali amma ya mutu da zarar an mayar da shi gida. Sai kuma jan kunne ga masu sayen tokumbo: wasu tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, kuma wutar ƙasarmu 230 ce, duk wanda ya jona shi yana kan 115 zai ji ƙara ya ga hayaƙi. Haka kuma yawancin kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni ke haɗawa suna zuwa da fawa fak mai nasa irin kan waya, wanda ba ya dacewa da allon kasuwa mai bin tsarin ATX da Intel ya fito da shi a 1995. Kuma don Allah kada kowa ya buɗe cikin fawa fak, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

To, aka mayar da komai cikin gida, aka jona faifaina, aka kunna. Hoto ya fito, amma maimakon Windows sai kwamfutar ta riƙa faɗawa shafin BIOS, a sake kunnawa ta sake komawa can. A jerin kayan da allon ya gani, sunan faifaina yana nan da girmansa, amma a jerin abubuwan da za a iya tashi daga kansu babu shi. Injiniyan ya fita sallar La'asar, sai almajirinsa ya leƙo ya ce, “Alhaji, Windows ɗin ta fashe, a kawo filas mu yi fomat, minti talatin an gama.” A cikin wannan faifai akwai kundin digiri na ɗalibai fiye da yadda zan iya ƙirgawa, wasu an biya ni rabin kuɗi ana jiran gyaran malami, akwai samfurin wasiƙu da katunan biki da na shekara ina tarawa, akwai takardun shaidar mutane da suka bar mini amana. Da na ce masa to, da garin neman gira na rasa ido.

Da dattijon ya dawo ya ji abin da aka ce, bai ɗaga murya ba, amma ya sa yaron ya tsaya a bayansa ya kalla. Bayanin da ya yi shi ne akwai hanyoyi biyu na tsara faifai. Tsohuwar ana kiranta MBR, wadda aka gada tun shekarun 1980, ba ta iya sarrafa abin da ya wuce kimanin terabait 2, kuma da tsohon salon BIOS take tashi. Sabuwar ana kiranta GPT, ita ce abokiyar tafiyar UEFI. An sa Windows ɗina ne a kan MBR shekaru da suka wuce, sabon allon kuwa an saita shi ya tashi ta UEFI zalla, don haka yana ganin faifan amma ba ya ganin ƙofar shiga. Ya shiga saitin BIOS, ya kunna wani zaɓi mai suna CSM, wanda ke sa sabon allo ya kwaikwayi tsohon salo, ya adana ya fita. Windows ta ɗan jima tana gane sababbin kayan, ta sake kunna kanta, sannan ga hoton fuskar kwamfutata ya dawo, kowane fayil yana inda na bar shi. Babu abin da ya fashe tun farko.

Aikin bai ƙare a nan ba, tunda Windows 11 ba ta karɓar tsohon salo. Ya sa na kwafe duk takarduna zuwa wani faifan waje tukuna, sannan ya yi amfani da wata 'yar manhaja mai suna mbr2gpt, wadda take cikin Windows 10 tun sabuntawar 2017, wadda ke juya faifai daga MBR zuwa GPT ba tare da goge abin da ke ciki ba, muddin manyan sassan faifan ba su wuce uku ba. Bayan ta gama ya koma BIOS ya kashe CSM, ya kunna Secure Boot, ya kunna TPM ɗin da ke cikin firosesa, wanda Intel ke kira PTT, AMD kuma fTPM. Ya ƙara da cewa a alluna na baya-bayan nan zaɓin CSM ba ya samuwa kullum, wani lokaci sai an sa katin hoto daban, saboda haka ya fi kyau a juya faifan tun yana kan tsohon allo, in dai tsohon yana iya tashi ta UEFI.

Akwai 'yan uwan wannan matsala da su ma fomat ake musu ba gaira ba dalili. Wani lokaci Windows tana fara tashi sai shuɗin shafi ya fito da rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE, kuma sau da yawa dalilin bai wuce cewa tsohon allon yana magana da faifai ta salon RAID ba, sabon kuma ta AHCI, ko akasin haka, sai a daidaita saitin guda ɗaya a BIOS. Wani lokaci kuma faifan ne ba ya bayyana sam, saboda a alluna da dama sa ƙaramin faifan M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga cikin ramukan SATA da ake jona wayar faifai, maganin kuma shi ne a matsar da waya zuwa wani rami. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta BitLocker, kullen da Windows ke yi wa faifai, wanda mabuɗinsa yake ɗaure da TPM na tsohon allo. Da zarar an sauya allo, kwamfutar za ta nemi lambobin ceto guda 48, kuma idan babu su babu injiniyan da zai iya buɗe faifan, ko a Jos ko a Ikeja. Sau da yawa lambobin suna ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar, kuma mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba. Wajibi ne a duba wannan, a rubuta lambobin a takarda ko a dakatar da kullen, tun kafin a kwance kusa ko ɗaya. Shi kuwa lasisin Windows da kan nemi a sake tabbatar da shi bayan sauya allo, ba ya hana kwamfuta tashi, don haka kada a bari wani ya fake da shi.

Zan ƙara magana ɗaya da ta shafi halin wutarmu. Idan bincike ya nuna dole a sabunta BIOS, kada a yi shi a kan wutar NEPA tsirara ko a kan janareton da mansa ya kusa ƙarewa, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na 'yan mintoci tana iya mayar da lafiyayyen allo matacce na gaske. A nemi UPS, na'urar riƙe wuta, mai batir mai kyau, ko a kai wurin mai sola. Wasu alluna suna da ɗan maɓalli a baya da ke ba da damar sabunta BIOS daga filas ko babu firosesa a kai, kuma wanda zai sayi allo domin sabon firosesa ya kamata ya tambayi wannan tun a shago.

Ba ina cewa masu gyaranmu macuta ba ne. Yawancin yaran nan sun koyi aikin ne da ido, a wurin da ake auna gwaninta da saurin sallamar mai kaya, kuma fomat ita ce hanyar da ta fi sauri da ba ta buƙatar karanta littafin allo. Amma faifan ba nasu ba ne, abin da ke ciki ma ba nasu ba ne. Ina kira ga iyayen gidansu da ƙungiyoyin masu gyaran kwamfuta na wannan gari da su mayar da shi ƙa'ida cewa ba za a goge faifan kowa ba sai an cire shi an jona a wata kwamfuta an kwafe abin da ke ciki, kuma mai shi ya amince da bakinsa. Su kuma masu sayar da alluna na hannu, su riƙa tambayar mai saye lambar firosesansa da irin RAM ɗinsa kafin su karɓi kuɗi, su kunna allon a gabansa, su rubuta kwanakin garanti a jikin rasit. Da mai shagon da na saya a wurinsa ya yi mini tambaya guda ɗaya, da bai ga fushina ba, ni ma da ban ji kunya ba.

Daga gare ka kuma, ya Edita, ina roƙon a riƙa ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, inda wani masani zai amsa irin waɗannan tambayoyi da Hausa, domin littattafan da ke zuwa da alluna da Turanci suke, allon hannu ma ba ya zuwa da littafi ko kaɗan, kuma akwai masu shaguna irina da yawa a Bukuru da Farin Gada da Unguwar Rogo da har yanzu ba su sauya nasu ba, suna tara kuɗi. Tsohon allona da firosesansa ban sayar ba. Dattijon ya haɗa mini su a wani gidan ƙarfe da ya samo, na ajiye a kusurwar shago ana buga rubutu kawai da shi ba tare da an jona shi da intanet ba, kuma a kansa na buga wannan wasiƙa.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
Titin Bauchi, Jos.